Baba Idi da Rubutun da Ya Fito a Juye

Mu mutanen layin bayan masallaci a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ba mu cika buƙatar agogo da safe ba. In muka ji takun Baba Idi, to shida ta wuce da kwata. Takalminsa irin na masu aikin ƙarfe ne, mai nauyin baki, kuma yana ɗan jan ƙafar hagu, don haka kafin a gan shi an ji shi. A lokacin ya riga ya dawo daga masallaci, ya sha kokon da matarsa Inna Ashatu ta dama, ya rataya tsohuwar jakarsa. A ƙafa yake gangarawa unguwar Mokola. 'Yan okada masu haya da babur sun daɗe da daina yi masa hon, sun san ba cinikinsu ba ne. Daga nan sai ya shiga ƙaramar tasi zuwa kwalejin fasaha inda yake aiki, kuma masu gadi sun ce shekara da shekaru shi ne mutum na farko da suke buɗe wa ƙofa.

Aikinsa shi ne kula da ɗakin zubi, wurin da ɗalibai suke koyon narka ƙarfe su zuba shi a mazubi ya daskare da siffar da ake so. In ya shiga, tagogi yake fara buɗewa. Sai ya nufi tarin yashin da ake yin mazubi da shi, ya ɗebi cikin hannu, ya matse, ya ɓara shi gida biyu. In ya rabu tsaf bai marmashe ba, bai kuma jiƙa masa tafi ba, sai ka ji ya ce, "Alhamdulillahi, yau yashi ya tashi lafiya." In ba haka ba, ko shugaban sashe ne ya zo da baƙi, ba a hura wuta sai ya gyara shi.

Ranar Alhamis mai zuwa Baba Idi zai miƙa makullan ɗakin nan, bayan shekara talatin da biyar. Sunansa ba ya kan takardar shaidar kowa, alhali babu ɗalibin da ya fita daga sashenmu bai bi ta hannunsa ba. Ni Khairunnisa maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma a ɗakin nan na yi karatu kafin in dawo ina koyarwa a cikinsa. Na san yadda za a yi. Za a haɗa ɗan taro, a raba lemo, a ba shi agogon bango a kwali, a tafa, kowa ya kama gabansa. Wannan bai ishe ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'ar gado ya yi. Mahaifinsa, Gali Maƙeri, shi ne yake zuba tukwanen alminiyam a wata rumfa a ƙarshen layinmu, masu sayar da abinci daga Bodija har Ojoo suna zuwa saye. A gindin zugazugin Gali ya tashi. Boko bai wuce masa aji shida ba, amma allo ya yi shi sosai, har yau in zai rubuta abin tunawa da ajami yake sa shi a ɗan littafinsa. Yarbanci kuwa, in yana yi daga bayan katanga ba ka cewa Bahaushe ne. A 1990 wani malamin kwalejin ya ga wata tukunya a gidan surukarsa, ya juya ta ya sake juyawa bai ga tabo ba, ya ce a kai shi wurin wanda ya zuba ta. Ashe Idi ne ya zuba ta, haka aka ɗauke shi aiki.

Kafin in fara rubutun nan na je wurin Mu'inuddeen, wani tsohon ɗalibinsa da yanzu yake da nasa wurin zuba kayan injin niƙa a kan hanyar Ojoo. Ina ambaton sunan Baba ya ajiye awartakin hannunsa ya jawo mini benci.

"Malama, kin dai san abin da ke faruwa in narkakken ƙarfe ya haɗu da danshi," in ji shi. "Fashewa yake yi. To damina ce, rufin ɗakin yana yoyo, ruwa ya ɗiga a mazubina ban lura ba. Na ɗauko kasko cike, na sunkuya zan zuba. Baba ya hango yashin ya yi duhu, ya yi mini tsawa, ƙarar janareto ta hana ni ji. Kawai sai na ji an banko ni da kafaɗa. Abin da ya kamata ya watso mini a fuska, shi ya zubo wa cikin takalmi. Wata biyu yana jinya o. Da na je gaishe shi ina hawaye, kin san me ya tambaye ni? Wai, 'Mu'inu, an toshe yoyon nan kuwa?'"

Kai ne ka ba da ƙafarka don ɗan wani ya tsira da idonsa, Baba, kuma ban taɓa jin labarin daga bakinka ba. Tun ina 'yar makaranta nake ganin kana jan ƙafar nan, ni duk a zatona tsufa ne ya fara taɓa ka.

Amma abin da ya fi sa ni wannan rubutu a gabana ya faru, a 2016, ina shekara ta biyu a kwalejin. A shekarar aka kawo mana injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta. Yadda abin yake, mutum zai zana siffar da yake so a kwamfuta, da tsawonta da faɗinta da zurfinta, ya aika wa injin. Shi kuma injin yana da wani ɗan haƙori mai juyawa da yake cin katako a hankali har ya fitar da ramin mazubin, sannan a zuba ƙarfe a ciki. Tare da injin aka kawo sabuwar malama, Madam Omolara, injiniya ce da ba ta san wasa ba a kan aiki. Bayan mako biyu kuma sai ga takarda daga ofis: duk ma'aikacin ɗakin aiki sai ya shiga sabon darasin ya ci jarrabawarsa kafin ƙarshen zango, wanda bai ci ba a mayar da shi sito.

Sito a kwalejinmu wani dogon ɗaki ne a bayan makewayi inda ake jibge karyayyun kujeru. Tsofaffin ma'aikata uku takardar ta shafa. Biyu suka ce su ba za su zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansu ba, suka karɓi sito tun kafin a tura su. Shi Baba saura masa shekara tara ya yi ritaya, kuma a wurinsa sito na nufin shekara tara ba zai sake hura wuta ba. Inna Ashatu ta gaya wa mahaifiyata ta kan katanga cewa kwana biyu Malam bai cinye tuwonsa ba.

Ranar Litinin muna zaune a aji sai ga shi ya shigo da ɗan littafinsa da biro a aljihu, yana da shekara hamsin da ɗaya, ga furfura ta fara cin gemu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam, I come learn," wato ya zo koyo.

"E kaabo, Baba," in ji ta, wato barka da zuwa. Sai ta ƙara da cewa a ajinta babu babba babu yaro, doka ɗaya ce ga kowa. Ya ce ya ji. Ya zauna kusa da ni, don ni kaɗai ce 'yar Sabo a ajin.

An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a ce ilimin zai zo da sauƙi ba. Hannun da ya saba ɗaga kasko mai nauyin buhun shinkafa sai ga shi an ce ya riƙe maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur don a motsa kibiyar kwamfuta. Baba ya sa masa suna ɓera. In ya damƙe shi sai ka ji robar tana kuka, in ya ɗan tura shi kibiyar ta tsere can ƙuryar allo. "Hairu," yakan ce mini ƙasa-ƙasa, "ɓeran nan ba ya jin magana." 'Yan aji su yi ta dariya, shi ma ya taya su. Duk maɓallin da aka koya mana sai ya rubuta sunansa da ajami, ya zana hotonsa a gefe. Ranar da ya gano akwai maɓallin da yake mayar da mutum baya in ya yi kuskure, ya daɗe yana danna shi yana girgiza kai. Ya ce, "Da wuta ta san wannan maɓallin, da maƙera sun huta."

Akwai ranar da ya yi awa huɗu yana zana wani ɗan murfi, aka ɗauke wuta, bai adana ba, komai ya tafi. Ni na fi shi jin haushi. Shi kuwa cewa ya yi yashi ma kullum rushe shi ake yi a sake bugawa, ya buɗe sabon shafi. Daga nan muka yi tsari, kullum bayan la'asar in ɗauki kwamfutata in je zaurensa, ya yi ta fama da ɓera ina gyara masa, Inna Ashatu tana aiko mana da dafaffiyar gyaɗa.

Ba karɓa kawai ya zo yi ba. Wata rana Madam ta cika allo da lissafi tana bayanin cewa bangon mazubi dole ya ɗan karkata, in ya miƙe sak abin da aka zuba zai maƙale. Muka yi zuru muna kallonta. Baba ya nemi izini, ya fita ya dawo da tiren yashi da gwangwanin tumatir da kofin shayi. Ya danna gwangwanin a yashi ya zaro, gefen ramin ya rushe. Ya danna kofin, mai faɗin baki da tsukakken gindi, ya zaro, ramin ya tsaya sumul. Ya koma wurin zamansa. Tun daga ranar, in Madam ta gama lissafinta sai ta ce, "Baba Idi, zo ka nuna musu."

Aikin jarrabawa shi ne kowa ya zana ƙaramin faranti kamar tafin hannu mai ɗauke da rubutu, injin ya sassaƙa mazubinsa a katako mai tauri. Ranar jarrabawa a zuba dalma, wadda take narkewa da ɗan zafi kaɗan ba ta cinye katako, a gaban Madam, sau ɗaya tak, a buɗe a gaban kowa. Sau uku ta ja mana kunne a kan abu ɗaya. Ta ce, "Rubutu a cikin mazubi sai an juya shi. Ya fara daga dama ya tafi hagu. Duk wanda rubutunsa ya fito a juye ya faɗi, komai kyan zubinsa."

Baba ya ce shi sunan mahaifinsa zai sa, kuma da ajami, don Gali bai taɓa karanta boko ba. Kwamfutar ajin ta ƙi haɗa baƙaƙen, tana warwatsa su ɗai-ɗai. Sai ya fiƙe alƙalamin kara, ya rubuta da tawada a farar takarda, muka ɗauki hoto, ya bi kowace lanƙwasa da ɓeransa har kwana tara. Ranar da ya gama, muna zaure, ya jingina da bango yana kallon aikinsa.

"Hairu, Madam ta ce rubutu ya fara daga dama ya tafi hagu, ko ba haka ba?"

"Haka ta ce, Baba."

"To ai namu tun asali daga dama yake farawa. Mu an hutar da mu ke nan."

Ni kuma, da na riga na juya nawa rubutun boko daidai, da nake taƙama ni ce gwanar aji, sai na buɗe baki na ce, "Wallahi gaskiyarka, Baba." Har dariya muka yi wa masu boko da suke wahalar juyi. Shi yana da uzuri. A aikin yashi ainihin abin ake dannawa a ciki, yashin ne yake yin juyin da kansa, saboda haka shekara arba'in bai taɓa buƙatar ya yi tunanin wannan ba. Ni ba ni da uzurin komai sai rawar kai.

Ranar jarrabawa Baba ne yake kula da wuta yana riƙe wa kowa ludayi, don haka shi ne na ƙarshe. Kafin a zo kansa mutum biyu sun faɗi a kan juyin rubutu, wani yaro da wata yarinya mai suna Sakinat. Zubin Sakinat ya yi kyau matuƙa, amma harafinta na farko yana kallon baya, Madam ta ja mata layi. Ta fita waje tana kuka.

Da aka zo kan Baba ya ɗumama katakonsa, ya yi bisimilla, ya zuba a hankali kamar mai tsiyaya man shanu. Aka jira dalma ta huce. Ya buɗe, farantin ya faɗo tafinsa yana ƙyalli, babu ramin iska ko ɗaya, babu tsaga, kowace lanƙwasa ta fito ras. Madam ta karɓa ta juya shi, ta bi bakinsa da yatsa, karon farko a zangon nan na ga haƙoranta. "E ku ise, Baba!" in ji ta, wato sannu da aiki. Ta ɗaga shi sama ta ce mu duba, duk ajin babu kamarsa. Aka sa tafi.

Na leƙa ta kafaɗarta. Harafin farko na sunan Gali, wanda ya kamata ya zauna a dama, ga shi can a hagu ya juya wa 'yan'uwansa baya. Duk rubutun a juye yake. Madam ba ta karanta ajami, a wurinta zane ne mai kyau kawai, sauran 'yan aji kuma ƙyallin dalma ya ɗauke musu hankali. Mu biyu ne muka lura a ɗakin. Na dubi Baba na ga shi ma ya gani. Na matsa kusa na taka masa takalmi, na ce da Hausa a hankali, "Baba, a bar kaza cikin gashinta."

Bai kalle ni ba. Madam ta riga ta ɗora biro a kan takarda.

"Madam, dakata," in ji shi. "Rubutun a juye yake."

Ta ɗago. Ta ce ba ta gane ba.

"Ke ba kya karanta wannan. Ni ina karantawa. A juye ya fito."

Madam ta cire tabarau ta tambaye shi ko ya tuna da takardar ofis, ko ya san abin da maganarsa za ta jawo masa.

"Na sani," ya ce. "Ɗazu kin kayar da yara biyu a kan wannan, ni na riƙe musu ludayi. Kuma sunan ubana ne. Ba zan ci abincin shekara tara da sunan ubana a juye ba."

Ta mayar da tabaranta. Sannan ta ja masa layi irin wanda ta ja wa Sakinat. Ta ce waɗanda suka faɗi suna da dama ɗaya ranar Alhamis ta sama, ranar Juma'a kuma za ta miƙa sakamako ofis, daga nan babu abin da za ta iya yi wa kowa.

Muka shiga tasi. Haushi nake ji, nasa da na kaina, don na san da na tsaya na yi tunani a zaure da duk wannan bai faru ba. Sai da muka sauka a Mokola muka fara hawa zuwa Sabo na kasa haƙuri.

"Baba, don Allah wa zai sani?"

"Ni da ke," ya ce. "Kullum da safe in wuce ta ƙofar gidanku, ki gaishe ni, in amsa, mu duka muna sane."

Kunya ta rufe ni, har muka isa layi ban sake ɗaga kai ba.

Washegari da hantsi sai ga muryar Inna Ashatu ta kan katanga. "Ina Hairu? Ko kin san inda Malam ya kai mini madubi? Shekara ashirin da bakwai muna tare ban taɓa ganin ya duba fuskarsa ba, yau kuma ya sa madubina a jaka ya fita!" Da na isa kwaleji na tarar da shi gaban kwamfuta, ya kara madubin a gefen allo. Dabarar da ya yi ita ce, in rubutun mazubi ya karantu daidai a cikin madubi, to daidai zai fito a ƙarfe, ko boko ne ko ajami. Ya aika aka kira Sakinat da ɗayan yaron, ya sa su ma suka duba nasu.

Injin ɗaya ne, kuma awa biyu aka ba kowannensu ranar Laraba. Ana tsakiyar sassaƙa na Baba aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto minti arba'in sun tafi. Lokacinsa ya ƙare saura kalmar ƙarshe. Ya miƙa hannu zai tsayar da injin, don bai yarda ya ci lokacin wani ba. Sakinat, wadda take biye da shi, ta tare shi ta ce nata ƙarami ne, awa ɗaya ta ishe ta. Ya ce sai an tambayi Madam. Aka tambayo, ta ce lokacin Sakinat ne, ta yi yadda ta ga dama da shi.

Ranar Alhamis su uku ne, amma rabin ajin sun zo kallo. Sakinat ta ci, yaron ya ci. Baba ya ɗauki ludayi. Ya zuba a hankali. Aka jira. Ya buɗe ya miƙa wa Madam farantin ba tare da ya duba ba. Ta juya shi, ta shafa bakinsa. Na matso da niyyar in karanta mata, sai ta ɗaga mini hannu.

"Ba na buƙatar kowa," ta ce. "Baba Idi, kai za ka gaya mini. Daidai yake?"

Ya karɓa, ya sa tabaransa, ya ɗora yatsa a gefen dama ya bi a hankali. "Gali Maƙeri, Sabo," ya karanta. "Daidai yake, Madam."

Ta rubuta masa hamsin, don wanda ya maimaita ba ya wuce haka. A cikin duk waɗanda suka ci darasin a shekarar, makinsa yana cikin na ƙasa. Makullan ɗakin zubi suka ci gaba da zama a aljihunsa.

Shekara tara ke nan. A cikinsu Baba ya zama shi ne yake saita injin, shi yake jin ƙararsa ya ce haƙori ya dakushe tun kafin ya ɓata katako. Madubin yana rataye a jikin bango kusa da injin, kuma babu ɗalibin da yake tura aiki bai kara shi ba. Inna Ashatu dai sai sabo aka saya mata. Sababbin ɗalibai sun ɗauka tare da injin aka kawo madubin daga kamfani.

Na Gali, gwanin zubi, wuta ta san hannunka. Kai ne ka zauna benci ɗaya da mu, muka yi maka dariya ka taya mu. Kai ne aka tafa maka a kan abin da ba ka cancanta ba, ka ce a mayar da tafin. Ni na koya maka riƙe ɓera na wata uku, kai kuma ka koya mini abin da nake ci da shi har yau. Duk lokacin da na ɗauki biro zan ba ɗalibi maki, ko na ga kuskurena da babu wanda ya lura da shi, sai in ji kamar kana tsaye a bayana. Na gode, Baba. Mu'inuddeen ya ce in yi maka godiya a madadinsa, Sakinat ma ta bugo daga Legas ta ce kada in manta da ita. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya jiƙan Gali.

Ku kuma masu karatu, musamman iyayenmu da suka ga sabon injin ya shigo sana'arsu suka ja da baya, ku dubi mutumin nan. Ba a haife shi da kwamfuta ba, zama ya yi ya koya. Mu matasa kuma, masu saurin cewa wa zai sani, mu ji kunya mu gyara. In akwai irinsa a wurin aikinku, mai zuwa kafin kowa, wanda sunansa ba ya kan komai, ku je ku gaishe shi tun yana jin gaisuwar.

Jiya bayan la'asar na same shi a zaure na gaya masa ina rubutu a kansa. Bai ji daɗi ba. Ya ce me ya yi da za a sa shi a takarda, aikinsa kawai ya yi. Da ya ga ba zan fasa ba sai ya ce, "To in dai sai kin rubuta, kada ki ce na ci jarrabawa kawai. Ki rubuta na faɗi tukuna. Akwai yara da yawa da suke ganin in sun faɗi shi ke nan."

Na ce, "To ni fa, Baba? In rubuta cewa na taka maka ƙafa na ce ka yi shiru?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wannan kuma tsakaninki da alƙalaminki."

To, Baba, duka biyun na rubuta.